Gonar Gawo Uku da Layin da Ba Ya Goguwa

Da sunan Allah nake fara wannan babi, kuma da son raina ne da na tsallake shi. Lawali, kai ka sa na zauna rubuta shi. Ranar da ka zo daga Maradi da sallar layya, ka buɗe wayarka a tsakar gida gaban ƙannenka, ka ce ashe gonar Gawo Uku tamu ce, ga sunana a rajista, an rubuta gado daga mahaifina. Na ga yadda fuskarka ta washe. Na ce a bar maganar sai an ci abinci. Aka ci abinci, aka kwana uku, ka koma Maradi, ban ce maka komai ba. Layin farko kaɗai ka karanta. Akwai na biyu a ƙarƙashinsa, kuma abin da ya faru tsakanin layukan nan biyu shi ne nake so ku ji daga bakina, kada ku ji shi a kasuwar Gangara.

Kakana ya ƙetaro daga ƙasar Katsina da jaki ɗaya da matarsa, bai san kowa ba a garin nan. Kakan Abdu maƙwabcinmu ne ya sauke shi, ya kai shi yamma da gari, ya nuna masa fili mai itacen gawo uku, ya ce ya noma ya ci. Aro ne, ba kyauta ba. Kun taso kun ga yadda aro yake, sai dai ba a taɓa zaunar da ku an faɗa muku ba, domin abin da kowa ya sani ba a faɗarsa. Mai aron gona ba ya dasa itace a cikinta, ba ya gina rijiya. 'Ya'yan gawon idan sun zubo na gidan Abdu ne, matansu ke tsincewa su kai wa awaki. Kuma duk kaka, damin gero na farko da aka ɗaure a gonar ana kai shi ƙofar rumbunsu kafin mu ɗanɗana komai. Dami ɗaya ba ya ƙosar da gida, kuma ba haya ba ce. Shi ne kawai bakin da ke faɗa kowace shekara cewa mun san ta wane ce. Kakana ya kai, mahaifina ya kai, ni ma na kai sama da shekara talatin. Ni da Abdu tsara ne, tare aka yi mana kaciya. Tun muna yara yake kirana Baƙo saboda kakana, ni kuma in kira shi Mai Ƙasa, mu yi ta zagin juna a kan hanyar masallaci har gemunmu ya yi fari.

Ni na yi lakol, wato makarantar boko, har aji shida a Gazawa, na faɗi jarrabawar shiga kolej, na dawo gona. Wannan ɗan karatun ya zame mini rawani. Ni ke karanta wa mutane wasiƙa, ni ke rubuta sunaye ranar rigakafi, da aka kafa ƙungiyar manoma ni aka naɗa sakatare ba tare da gardama ba. Faransancina ya tsaya inda mushe, malaminmu na lakol, ya bar shi, amma babu wanda ya sani, ni kuwa ban taɓa faɗa ba. Idan takarda ta fi ƙarfina, in gyara tabarau, in yi gyaran murya, in faɗi abin da nake zato. Yawanci zaton yana dacewa. Haka na saba, har na daina jin abin a matsayin ƙarya.

Damina uku ke nan da wani proje, irin shirin nan na raya karkara, ya zo da maganar rajistar gonaki. Aka kira mu buro, wato ofishinsu, a Gazawa. Wata injiniya, Madam Rakiya, 'yar Tibiri ce, ita ta yi mana bayani da Hausa tsantsa. Ta ce rajistar ba littafi ɗaya ba ne da ke cikin akwatin wani. Kwafinsa yana cikin injuna da yawa, a Gazawa, a Agye, a Gidan Rumji da wasu wurare, kowane shafi a ɗaure yake da wanda ya gabace shi kamar sarƙa, don haka ba wanda zai iya gogewa ko ya yage ba a gane ba. Wannan ya yi wa tsofaffi daɗi, domin duk mun san gonar da ta sauya mai ita a cikin aljihun wani. Sannan ta ce ba mutum ne zai riƙa rubutu a ciki ba. Wani akawu ne na inji, yana ji, yana magana, yana tambaya, kuma an ba shi kayan aiki 'yan kaɗan: na buɗe sabon shafi, na ƙara shaida, na sauya suna, na rufe shafi. Kowane kayan aiki yana da bayanin da aka rubuta masa, an haɗa su cikin littafi ɗaya. Ta ɗaga littafin sama ta ce:

"Akawun nan bai taɓa taka gona ba. Duk abin da ya sani game da gonakinku, abin da ke cikin littafin nan ne. In littafin ya yi shiru a kan wani abu, shi ma bai san da shi ba. Waɗanda suka rubuta sun san inji, ku kuka san ƙasa. Ku auna mana shi kafin mu saki akawun."

Mutum uku aka zaɓa. Wani dattijo daga wajen Gidan Rumji aka ba shi sashen iyakoki da burtali, wani malamin lakol mai ritaya daga Cadawa aka ba shi sashen shaidu, ni aka ba ni sashen hanyoyin da gona ke zuwa hannun mutum. Aka haɗa mana da takardar awo. A kan kowane bayani za ka duba ko ya faɗi abin da kayan aikin yake yi, ko ya faɗi inda bai kamata a yi amfani da shi ba, ko ya faɗi in ana iya warware abin da aka yi. Tambaya ta ƙarshe ita ce ko akwai wani abu da ake yi a ƙauye wanda bayanin bai ambata ba. Sai ka zaɓi "cikakke" ko "da saura", ga fili a ƙasa na rubuta dalili. Madam ta ce duk wanda Faransancin ya yi masa nauyi ya faɗa, za ta zauna da shi su bi layi layi. Dattijon Gidan Rumji nan take ya ɗaga hannu ya ce shi dai sai an karanta masa. Ni na sa littafin a hammata na ce ba damuwa.

Da na dawo gari Abdu yana gindin dalbejiyar ƙofar gidansu. Ya ce ya ji labari an kawo wanda zai ci kujerata, wanda ba ya shan shayi kuma ba ya gyangyaɗi a taro. Na ce in inji ya iya rubutu, ai bai iya rarrashin Mai Ƙasa ya biya kuɗin katin ƙungiya ba. Muka yi dariya. Da zan wuce ya ce:

"Baƙo, kai ne idonmu a wannan abu. Ka duba mana da kyau."

Kwana biyar littafin yana hannuna. Rabinsa ban gane ba, kalmomin injuna ne da ban taɓa gani ba. Wannan laifi ɗaya ke nan, na girman kai, kuma da a nan ya tsaya da ban sha wahalar rubuta shi ba. Amma akwai shafi guda da na gane sarai, domin kalmominsa na aji huɗu ne. Ya ce gona tana zuwa hannun mutum ta hanya uku: gado, saye, ko kyauta. Ya ce akawu ya tambayi wa ke noma ta, tun yaushe, daga hannun wa ya karɓa, ya zaɓi wadda ta fi kusa cikin ukun, ya rufe shafi in shaidu biyu sun yarda. Babu aro. Babu jingina. Babu gamanar da miji ke yankar wa matarsa. Na karanta shafin nan ya fi sau goma, ina zaune a inuwar rumbu da hantsi. Na san abin da ya ɓace tun karatun farko. Kuma na san, tun karatun farko, yadda tambayoyin nan uku za su faɗa a kan gonar Gawo Uku. Wa ke noma ta? Sale, wato ni. Tun yaushe? Tun yana saurayi. Daga hannun wa? Daga mahaifinsa.

Ba zan ce muku Shaiɗan ya fizge ni ba, domin a hankali na yi tunanin. Na ce wa kaina ba ni na rubuta littafin ba. Na ce ba zan faɗi ƙarya ko ɗaya ba, shiru kawai zan yi. Na tuna ku shida ne maza, gonar gadonmu ta gabas kuwa ba ta kai rabin Gawo Uku ba. Na tuna ɗan Abdu na fari yana Aljeriya, wata rana zai dawo ya nemi inda zai noma. Na ɗauki bik, alƙalamin rubutu, a gaban kowace tambaya na zaɓi "cikakke". Filin dalili na bar shi fari fat. Mahaifiyarku Tsahara ta wuce da tsintsiya ta tambaye ni ko aikin ya yi wuya, na ce a'a, masu ilimi ne suka rubuta, ba abin gyara.

Ranar da muka mayar da takardun, ta dattijon da bai iya karatu ba ta cika gaba da baya da abin da ya sa aka rubuta masa. Tawa ce kaɗai babu tabo. Madam ta juya ta, ta dube ni, ta ce ko a gwada sashen nawa da akawun kansa. Ta ajiye wata waya mai faɗi kamar allo a kan tebur. Muryar akawun ta fito, Hausa irin ta rediyo, ta gaishe ni da ladabi. Ta ce ta karanta sashen, kuma akwai abin da take so ta tabbatar. Har yau ina iya maimaita maganar:

"Littafin ya ba ni hanya uku. Bai ce su ke nan ba, bai kuma ce akwai wata ba. In akwai yadda mutum zai daɗe yana noman gona alhali ba tasa ba ce, ni ban san ta ba, kuma shafin da na rufe ba ya buɗuwa. Malam Sale, akwai?"

Abin da ba shi da rai, bai taɓa ganin damin gero ba, ya hango ramin ya tsaya a bakinsa yana tambayata. Madam tana kallona, malamin Cadawa yana ɗaure takalminsa, dattijon ya fita alwala. Na ce:

"Babu. Su ke nan."

Shirun da na yi wa kaina alkawari ya ƙare a nan.

Aka zo garinmu rajista ana tsakiyar noma na biyu. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai gari, ana kiran gona gona. Da aka zo Gawo Uku, akawun ya yi tambayoyinsa uku, shaidu biyu suka amsa, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da aka tambaye su suka faɗa. Ba su ambaci aro ba domin a wurinsu ko jariri ya san ta gidan Abdu ce, kuma sun ɗauka takardar ma ta sani, tunda ni na duba ta. Akawun ya karanta lambar shafi ya rufe. Abdu yana zaune kusa da ni yana ɓare goro. Ya miƙo mini rabi ya tambaye ni ko an rubuta daidai. Na karɓi goron na ce daidai.

Gero ya yi kyau a shekarar. Ranar da aka fara ɗauri, mahaifiyarku da kanta ta sa aka ware damin farko kamar kullum, aka kawo shi gida a amalanke, aka jingine a ƙofar zaure domin in kai. Ban kai ba. Na ce gobe. Gobe ta yi na tafi kasuwar Gangara ba tare da abin saye ba. A rana ta huɗu ta same ni ina gyaran ƙotar lauje, ta ce tun da aka kawo ta gidan nan damin Gawo Uku bai taɓa kwana biyu a ƙofarmu ba. Na ce mata ai yanzu zamani ya sauya, akwai rajista. Ba ta yi lakol ba ko kwana ɗaya, amma ta tsaya tana kallona har na sunkuyar da kai. Ta ce:

"Malam, me ka rubuta?"

Na ce ni ban rubuta komai ba. Gaskiya ce, kuma ita ce mafi munin maganar da na taɓa yi mata. Na ce a shigar da damin rumbu. Ta ce ita ba za ta taɓa shi ba, kuma ba za ta daka ƙwaya ɗaya ta wannan gona ba sai ya tafi inda yake zuwa. Ni ma na kasa ɗaga shi. Shigar da shi rumbu yana nufin na gama cin gonar, kai shi kuma yana nufin na warware abin da na ƙulla. Haka ya zauna a ƙofar zaure, duk mai sallama yana ganinsa. Kaji suka fara tsattsaga, gara ta hau shi daga ƙasa ta lulluɓe gindinsa da jar ƙasa.

Wajen kwana goma sha biyu, da safe bayan an sha koko, Abdu ya biyo ta ƙofarmu zai je duba shanunsa. Ina zaune a dakali. Ya dubi damin, ya daɗe yana duban inda garar ta ci. Sannan ya dube ni ya ce:

"Malam Sale, ina kwana. Ya iyali?"

Ya wuce. Shekara sittin ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba. Daga baya na ji ɗan ƙanensa da ke kolej ya karanta masa shafin tun sati biyu da suka wuce. Bai kai ƙara ba, bai aiko kowa ba. Yana jiran ya ga ko damin zai zo.

A ranar na hau kabu-kabu zuwa Gazawa. Na sami Madam Rakiya a buro, na faɗa mata komai a tsaye: rabin da ban gane ba, shafin da na gane, da amsar da na ba akawun. Na roƙe ta a goge. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ai abin da tsofaffinmu suka yaba ke nan ranar farko, cewa ba a gogewa, kuma littafin rajistar bai san sakatare ba bai san mai gari ba. Abin da za a iya kawai shi ne a ƙara sabon layi a ƙarƙashin tsohon. Ta tambayi akawun ko zai iya ƙarawa yanzu. Ya ce ba shi da bayanin abin da ake kira aro, kuma ba zai rubuta abin da bai san ƙa'idarsa ba. Sai an gyara littafin tukuna. Ta buɗe durowa ta ciro takardar awona ta ajiye a gabana, ga "cikakke" a jere har ƙasa da rubutun hannuna. Ta ce:

"Baba, ba gonarka kaɗai aka rubuta da wannan shafi ba."

Aka dakatar da rajista a duk garuruwan da projen ya shafa. Ba ta ɓoye dalili ba, ni ma ban nemi ta ɓoye ba. An gyara gonaki da yawa daga baya. Na ji akwai waɗanda masu aron suka riƙe layin farko suka ƙi sakin gonar, har yanzu ana kai da kawowa a gaban hukuma. Ban san fuskokin masu gonakin ba, amma suna cikin abin da za a tambaye ni.

Shafin da ya ɓace kuwa, a ƙofar mai garinmu aka rubuta shi. Madam ta ce ni zan riƙe bik, tsofaffi su faɗa. Abdu yana cikinsu. Shi ya faɗi ƙa'idojin aro ɗaya bayan ɗaya, bai dube ni ba: itace, rijiya, 'ya'yan gawo, dami. Mata suka aiko aka ƙara gamana. Wani ya kawo jingina. Inda ban iya Faransancin ba na ce ban iya ba, a gaban kowa, Madam ta fassara, kuma ban mutu ba. Aka ƙara wa akawun tambaya ta huɗu, wadda ita ce ya kamata in rubuta a filin nan da na bari fari: ko akwai gidan da ake kai wa wani abu daga wannan gona. Da aka sake kiran Gawo Uku ya yi tambayar, ni na amsa, ba shaidu ba.

Na ciro sabon dami daga rumbu, mafi girma, na ɗora a kaina da tsakar rana, ban sa a amalanke ba, na bi ta gaban masallaci na kai ƙofar rumbun Abdu. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na ce in yana son gonarsa ya karɓa, ba ni da bakin magana. Ya ce kakansa ne ya ara, shi ba zai karɓe abin da kakansa ya ara ba saboda shekara ɗaya. Ya ce in ci gaba da noma. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya raka ni har ƙofa kamar yadda ake raka baƙon kirki.

Na ajiye sakatarancin a ƙarshen shekarar. Gonar tana hannunmu, muna gaisawa da Abdu kullum, kai Lawali ka san ya zo sunan ɗanka, ya yi addu'a mai kyau. Amma damina uku ke nan Malam Sale yake ce mini. Wani lokaci in hango shi a hanyar masallaci in ce Mai Ƙasa, ya juyo ya yi murmushi ya amsa da ladabi, mu ƙarasa tafiyar muna maganar ruwan sama.

Don haka ka sake buɗe wayar, ka tara ƙannenka kamar yadda ka tara su ranar, ka ja shafin ƙasa kaɗan. Layin farko nawa ne, zai zauna a can bayan ni da ku duka. Na biyu shi ne gaskiya. Bana gwiwata ba za ta ɗauki dami ba. Ka zo da kaka, kai za ka kai.